Bututun Auta da Tagar Inna

Tun da aka raba gado, Yaya ya ɗauki saman bene, Auta ya ɗauki ƙasa, ko gaisuwa ba ta haɗa su. Yaya na ganin an cuce shi, tunda tsakar gida ta faɗo a rabon ƙaninsa. Inna, mahaifiyarsu, ɗakinta na sama, tana ta addu'a ba ta ga sauyi ba.

Sai Auta ya tashi gyaran kicin, don matarsa na fama da ƙirji, hayaƙin girki na neman kashe ta. Ya ɗauko injiniya, wata 'yar siririya mai tabarau. Ta auna nan, ta auna can, ta ce za a kafa rumfar ƙarfe mai fanka a saman murhu, bututu ya kwashe hayaƙin zuwa waje. Inna na zaune a matakala tana jan carbi, kunnenta na wurinsu.

"A cusa shi cikin silin mana, wa zai gani?" in ji Auta.

"Maiƙo ya taru, wata rana gobara ta tashi da ku duka? Hukumar gine-gine ba za ta sa hannu ba, ni ma ba zan zana ba. Dole ya fita waje, kuma bakinsa ya yi nesa da duk tagar da ake buɗewa."

Suka fita titi suka ɗaga kai. Daidai saman bangon kicin, ga tagar Inna. Nan take zama ta sha iska, ta ga jikokinta suna dawowa daga makaranta.

Injiniya ta ce hanya biyu ce. Ko bututun ya bi jikin bango ya haye har ya wuce rufi, ko ya fito nan ƙasa a rufe waccan tagar, kada a sake buɗe ta.

Yaya ya leƙo daga baranda, da ma yana laɓe.

"Malama, gaya wa wanda ya ɗauko ki, bangon sama nawa ne. Ƙusa ɗaya ba za ta shiga ba."

"Gaya masa ba zinare aka shafa wa bangon ba," in ji Auta.

"Gaya masa ya rataya bututun a wuyansa, tunda dogo ne."

"Ni aiki na zo yi, ba aike ba," in ji injiniya, ta naɗe tef ɗin awonta.

Auta ya koma wurin Inna a matakala, idonsa ja. "Wallahi na gaji. In ba a yi ba, sayar da rabona zan yi, in kwashe iyalina. Ya zauna da baƙo, ya ga daɗi."

"Allah ya kawo mai saye yau!" in ji Yaya daga sama.

Inna ta san Auta, ba ya rantsuwar banza. In ya tafi, shi ke nan, sai dai ta ga jikokinta a waya.

Ta shiga kicin, ta ɗauki gudumar kafinta da ƙusoshi, ta hau sama tana dafa gwiwa. Ta ja tagarta ta rufe, ta yi bisimilla, ta saita ƙusa.

Ƙwam! Ƙwam!

Mai shagon da ke tsallake ya fito. Tela ya tsayar da kekensa. Yaya ya faɗo ɗakin ba sallama.

"Inna, me kike yi?"

"Idonka bai gani ba? Bangon naka ne, na ji. Iskar da nake sha kuwa tawa ce, na bar wa ɗan'uwanka."

"Ki shaƙe a ɗaki, a ce a gidana aka toshe uwata?"

"Au, abin da za a ce ne ya dame ka? Matsa min." Ta sake ɗaga guduma, ta sami babban yatsanta. Jini ya tsatso, ba ta ko kalle shi ba.

Yaya ya riƙe gudumar. Ta ja, ya ja.

"Sakar min, ko in ɗaga hannu in gaya wa Allah sunanka."

Ya saki. Ya tsaya yana huci kamar wanda ya yi gudu. Can ya fita baranda ya ƙwala wa injiniya kira.

"Malama! Ki hau da tsiyar. Amma fentin bangona za a shafa masa, kuma in ruwa ya yoyo, kotu ce za ta raba mu. Gaya masa ba don shi na yi ba."

"Gaya masa ban gode ba," in ji Auta.

Bututun ya hau, hukuma ta sa hannu, matar Auta ta daina tari. 'Yan'uwan kuwa har yau in sun haɗu a ƙofa, kowa sai ya kalli takalminsa.

Ƙusar da Inna ta fara bugawa tana nan a jikin katakon taga, rabi ciki rabi waje. Yaya ya zo da filaya zai cire, ta buge hannunsa.

"Bar ta nan. Ban gama da ku ba."

A kanta take rataye carbinta.