Dubiyar Kolo

Ranar Asabar da la'asar lokotoro, wato likita, ya ja matar Kolo bayan ɗakin jinya, ya gaya mata ciwon ƙirjin mijinta ba shi da magani. A rediyo aka yi wannan, cikin teyatur ɗin nan na gidan likita da duk Damagaram ke saurare. Kolo tela ne a wasan, yana kwance a gado na huɗu. Mai yin muryarsa Sha'ibu ne, ɗan marigayi Sallau baduku na cikin Birni, wanda ya bar makarantar lise bara bai samu aiki ba.

Washegari da hantsi aka yi sallama a gidansu. Iya Luba ce, maƙwabciyarsu ta bayan katanga, da langa a hannu.

Ta kira innar Sha'ibu: "Asma'u, dubiya na zo. Ina Kolo?"

Sha'ibu yana ɗaki yana neman takalminsa. Ya yi murmushi, ya kama labule zai fito ya ce, Iya, ai wasa ne. Sai ya leƙa ta gefe. Tsohuwar ta buɗe langar. Tuwon gero ne da miyar kuka, yana tururi. 'Ya'yan yayarsa Wasila sun bar wasa sun tsaya. Ba wanda ya matso. Kallo kawai suke yi.

Innarsa ta dubi langar, ta dubi ƙasa.

Sha'ibu ya saki labulen. Ya zauna a bakin gado. Ya yi tari, irin na Kolo, mai jan numfashi a ƙarshe.

"Wayyo, bawan Allah," in ji Iya Luba. "A ba shi ya ci da zafinsa."

Shekarar ce gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Wasila ta zo daga Damagaram Takaya a bayan kamiyo, motar ɗaukar kaya, ita da yaran, mijinta ya yi kudu neman abin yi, har yau shiru. Kayan dukancin marigayi Sallau suna rataye a zaure, ba mai sayen jaka ko takalmi da yunwa a cikinsa. A bayan gari ana rabon jar dawa ta taimako, mutane na bin layi da buhunansu tun safe. Inna ta ce gidan Sallau bai taɓa miƙa hannu ba, kuma ba a kanta za a fara ba. In an aiko sadaka, mayarwa take yi, da godiya mai yawa. Amma abincin dubiya ba a mayar da shi. Wannan kowa ya sani.

Langa ɗaya ta zama biyu. Gidan Rakiya mai ƙosai suka kawo kunu. Wata rana fura, wata rana wake. Yaran suka soma gudu a tsakar gida kamar da.

Sha'ibu ya daina fita sai dole. In zai tafi gidan rediyo, sai ya naɗa mayani a wuya, ya bi gefen bango a hankali, yana dafa ƙirji. Hanyar tana bi ta dakalin Abba Bakano mai yadi, inda maza ke taruwa su saurari wasan, kowa na kawo pil ɗinsa, wato batir, in na rediyon ya yi sanyi.

"Kolo! Ya jiki?" in ji Abba.

"Da sauƙi, Alhaji."

"Wane sauƙi! Wallahi da a Kano kake, allura biyu ka tashi ka koma kan kekenka. Lokotoronku ne bai san aiki ba."

"Kai dai ka tsaya ga yadinka," in ji wani dattijo. "Ciwon ajali ne. Ba ka ji yadda matar ta yi kuka ba? Ni a gidana ranar ko miya ba a kaɗa ba, suna can suna taya ta."

Abba ya ce, "To su bar shi ya ga auren 'yarsa mana! Wane irin mutum ne zai kashe tela ana saura wata ɗaya biki?"

Aka yi dariya. Sha'ibu ya yi tari sau biyu, ya wuce. Bayansa ya jiƙe da gumi, kuma ba na rana ba ne.

Mushe Tahiru, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ke tsara wasan, shi ne kuma lokotoron. Ranar Alhamis, kafin a kunna na'ura, ya tara su ya ce yau Kolo zai mutu.

Sha'ibu ya jira har sauran suka shiga ɗakin ɗaukar murya.

"Mushe, da an ƙara masa mako ɗaya."

"Na ƙara masa, na sake ƙarawa. Ka san mai tumatir ta hana ni tumatir a kasuwa? Ta ce in je in warkar da Kolo tukuna. Jiya wata tsohuwa ta tare ni da ƙullin sassaƙe, ta ce in jiƙa masa. Ni fa na gaji da wannan tela."

"Mutane na son sa."

"Shi ya sa zai mutu yanzu, suna son sa." Tahiru ya cire tabarau ya dube shi. "Kai kuma, mai jinya, ka yi kumatu."

Sha'ibu ya taɓa mayanin wuyansa.

"Shiga," in ji Tahiru, muryarsa ta sauka. "Ka mutu da kyau."

Ya mutu da kyau. Mai na'ura ma sai da ya share ido.

Ranar Asabar yana ɗaki ya ji mutuwarsa ta saman katanga, daga rediyon gidan Iya Luba, da na gidan Rakiya, da wani can nesa. Kolo ya ce a ba yaronsa almakashin. Ya ja numfashin nan. Daga nan sai salati ya tashi a unguwa, wata mata ta rushe da kuka sosai. Wasila tana zaune a bakin murhu ba wuta, ta ce, ba ta kalli kowa ba:

"To, gobe kuma fa?"

Da safe ba a yi sallama ba. Hantsi ya yi, ƙaramin yaron ya je ya zauna a zaure yana kallon ƙofa. Sha'ibu ya ɗauki langar Iya Luba da ke kife a kan randa tun jiya. Ya ce zai mayar. Bai ɗauki mayanin ba.

Bai taɓa shiga gidan ba tun da aka soma fari. A tsakar gida akwai tukwane jere, cike da ruwa mai kumfa. Anza ce aka jiƙa, 'ya'yan itacen dajin nan da sai an yi kwanaki ana sauya musu ruwa kafin ɗacin ya ragu. Jikokin Iya Luba biyu suna zaune da ƙwarya a tsakaninsu, suna ci da hannu, suna yamutsa fuska, suna ci. A gefe, kan murhu, ƙaramar tukunya ɗaya tana tafasa. Ƙanshin gero ne.

Iya Luba ta ɗago kai daga murhun.

"A'a! Mamaci da ƙafarsa!"

Ya durƙusa ya ajiye langar. Ya kasa ɗauke ido daga ƙwaryar yaran.

"Iya, ni lafiyata ƙalau. Tun farko lafiyata ƙalau."

"To wa ya ce ba ka da lafiya?"

Ya dube ta.

"Ɗan nan, a hannuna aka haife ka. Ban san tarinka ba? Na rediyo ya fi kyau ma. Na gida kana cika masa gishiri." Ta gyara itace a murhu. "Uwarka tun muna 'yan mata, ko allura ta ara sai ta maido da zare. Mun aika gero ta maido. Mun aika da yaro, ta maido da yaron da geron. Muna jin yaran Wasila ta katanga. Rannan muna sauraren wasan a gidan Rakiya, lokotoro ya ce ba magani, Rakiya tana kuka tana kuka, sai ta tsaya ta ce, Luba, ga ƙofa ta buɗe."

"Rakiya ma ta sani."

"Ita ta kawo dabarar."

"Su Alhaji Abba fa?"

"Waken nan daga ina kake tsammani?"

Ya tuna dakalin. Ya tuna yadda yake dafa ƙirji, yana bin bango, suna ce masa ya jiki. Kunnuwansa suka yi zafi.

"Inna fa?"

"Asma'u ta san mun sani. Ba ta ce ba, ba mu ce ba." Ta ɗauki langar ta ɗauraye. "Amma kukan jiya na gaske ne, kada ka ce ba mu ji ba. Mutumin kirki ne Kolo. Ka gaya wa Tahiru ban yafe masa ba."

Ta soma kwasar tuwon. Yaran suka daina cin anzar, suka juyo. Irin kallon da ya gani ta gefen labule ranar farko.

"Iya, bari. Ki ba su."

"Sun ci nasu."

"Na ga abin da suka ci."

"Gidan rasuwa ba a hura wuta, maƙwabta ke kai abinci. Haka aka saba." Ta rufe langar ta tura masa. "Kwana uku. Bayan nan kuma Allah na nan. Ɗauki, kada ya huce."

Ya daɗe a durƙushe. Ya tuna yaron da ke zaune a zaure. Ya ɗauka. Bai iya yin godiya ba.

Ya kai gida ya ajiye a gaban Wasila. Ya shiga zaure, ya zaro buhun da ubansa ke zuba fatu a da, ya kakkaɓe shi. Inna ta fito tana kallonsa.

"Ina za ka da buhu?"

"Bayan gari."

"Ɗan Sallau a layin dawa?"

"Kolo ya mutu, Inna. A gidan Iya Luba anza ake ci."

Ta juya ta koma ɗaki, ta saki labule.

Ya bi ta gaban dakalin Abba a miƙe, buhu a kafaɗa. Maza suka gan shi, hirar ta tsaya. Ba wanda ya ce ya jiki. Abba ya sunkuya yana gyara pil a rediyon da ba a kunna ba.

Layin ya kai har gindin ganuwa. Ya tsaya a ƙarshe, bayan wata mata mai goyo da ta ce daga Durum suka taso. Rana ta hau. Can ya tambaye ta ko ana samu kafin azahar.

Matar ta juyo da sauri. Ta dubi bakinsa, ta dubi buhun.

"Sake faɗa in ji," ta ce. "Muryar nan... ba kai ne na gado na huɗu ba?"

Na gaba suka soma waiwayowa.

"Ni ne," ya ce. Ya gyara buhun, ya matsa gaba.