Awa Ɗaya da Baki a Buɗe

Hedimasta ya riga ya kwanta a kujerar, nas ta ɗaura masa ƙyalle a wuya, sannan likitar ta shigo tana sa safar hannu. Ko da takunkumi a fuskarta ya gane ta. Autarsa ce.

Mota biyu ya shiga ya ƙetare gari don kada hakan ta faru. Sati uku ke nan haƙorinsa na turmi na ƙasa yana hana shi sakat, yana tauna ta gefe ɗaya, yana ce wa matarsa sanyi ne. Shekara talatin ya yi yana shugabantar makaranta, har ya yi ritaya ba a taɓa jin wanda ya kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ranar da Auta ta ce haƙori za ta karanta, cewa ya yi duk faɗin jikin ɗan Adam ta rasa abin zaɓa sai wanda ke zubewa da kansa. Tun daga nan bai taɓa taka wurin aikinta ba.

"Ai ba nan kike aiki ba," in ji shi.

"Likitan nan ya tafi hutu, ni nake riƙe masa. Buɗe baki, Baba."

"Cirewa kawai na zo a yi."

"Buɗe tukuna."

Ta ƙwanƙwasa haƙorin da ɗan ƙarfe, ƙafarsa ta dama ta tashi sama ba da izininsa ba. Aka ɗauki hoto, ta nuna masa wani baƙin tabo a ƙarshen saiwar.

"Jijiyar ciki ta ruɓe, mugunya ta taru a nan. Amma haƙorin bai lalace ba. Zan huda shi, in kwashe ruɓar, in wanke, in sa magani in toshe. Bayan sati biyu a cike shi, a sa masa hula."

"Ni a zamaninmu..."

"In na cire, na kusa da shi za su karkace. Jingina kanka."

Ta yi masa allura a dasashi. Da leɓensa ya yi nauyi kamar na aro, ta shimfiɗa wata roba a bakinsa, haƙorin kaɗai ya leƙo ta tsakiya, ta sa masa wani abu tsakanin muƙamuƙai don kada ya rufe.

"In ka ji zafi, ɗaga hannun hagu."

Injin huda haƙorin ya yi ta kuka, nas tana zuƙe ruwa da bututu. Da aka kashe shi Auta ta jawo faranti mai siraran allurai, ta ɗauki ɗaya ta fara murza ta cikin saiwar a hankali.

"Baba, akwai maganar da nake son yi maka tun wata biyu. Sau huɗu ina farawa."

Ya dubi fitilar da ke samansa.

"Na samu aiki a asibitin koyarwa, a wani gari. Zan riƙa duba marasa lafiya, ina kuma koyar da ɗalibai. Kwana goma ya rage in tafi. Mama ta sani, Yaya ma ya sani."

Ya ɗaga hannun hagu.

Ta tsaya. "Zafi ne?"

Ya girgiza kai kaɗan.

"To sauke."

Ya sauke. Ta canja allura, ta ci gaba. Ta faɗa masa yadda aka yi jarrabawar, mutum goma sha ɗaya suka zauna aka ɗauke ta. Ta ce ta samu ɗaki kusa da asibitin. Ta ce ranar da aka yaye su ta hango shi a layin baya, ta kuma ga lokacin da ya fita kafin a kira sunanta, ta daɗe tana son ya san ta gani. Duk wannan da muryar da take cewa nas ta miƙo auduga. Ruwa ya gangaro masa ta gefen ido, nas ta goge, don fitilar takan sa mutane haka.

Da aka cire robar ya kurkure baki, rabin ruwan ya zuba a ƙyallen. Ya miƙe ya gyara riga, ya buɗe baki zai yi jawabi. Abin da ya fito ko shi bai gane ba.

"Sai nan da awa biyu allurar za ta sake ka," in ji ta. "Kada ka tauna ta nan. Nas, kira na gaba."

A waje mai ba da kati ta buɗe littafi. Ta ce likitansu zai dawo kafin sati biyu, shi zai ƙarasa aikin, Talata ko Laraba?

Hedimasta ya tsaya yana taɓa kumatunsa. Ya karɓi biron hannunta, ya juya katinsa ya rubuta da irin rubutun allo: Garin da likitar nan za ta koma, awa nawa ne a mota?

Ta karanta, ta dube shi, ta faɗa masa sunan garin. "Kamar shida, Baba. Ga hanyar ba kyau."

Ya mayar mata da biron, ya sa katin a aljihu. Ta sake tambaya, Talata ko Laraba. Ya ɗaga mata hannu alamar ta bari, ya fita neman wanda ya san tashar da ake shiga motar.