Motar da Ba Ta Tafiya Sai da Suruka

Arzika direba bai taɓa zaton yunwa za ta kama shi a shekarar da rumbunsa yake cike da gero ba. Ta kama shi kuwa, kamu na gaske, kuma motarsa ce ta jawo masa.

Akori-kura ce tsohuwa tukuf, ta girmi 'ya'yansa kaf. Da ita yake ɗibar 'yan kasuwa daga Anka zuwa Nasarawar Burkullu, ya ɓulla Bukkuyum, ya dangana da Gummi, ya juyo. A bazarar 1983 sai ta tsiri wani mugun hali. In ya taka totur ta yi tari, ta shaƙe, ta fizga gaba sau biyu, ta mutu a tsakiyar yashi. Fasinjoji suka gaji da turi. Hayatu, wani ƙaton dillalin shanu da ba ya fashin kasuwa, ya rantse tun da yake shiga motar nan nisan da ya tura ta ya fi nisan da ta ɗauke shi.

Aka kai ta wurin Namadi makanike, a gindin durumin tashar Anka. Ya wanke kafireto sau uku. Ya sa sababbin fulogai. Daga baya ya zare tiyon da ke kai mai cikin kafireto, ya ce Arzika ya murza makulli. Maimakon fetur ya fito da ƙarfi, sai ya dinga tofi, rabinsa kumfa.

"Ka gani?" in ji Namadi. "Man ba shi da ƙarhi. Iska ka shiga wani wuri."

Ya canza famfon mai, ba ta canza zane ba. Ya kwanta ƙarƙashinta ya bi tiyo da yatsa tun daga tanki har inji. Warin fetur kam kamar ya kashe shi, amma ɓula ko ɗaya bai gani ba. Ya fito yana kakkaɓe ƙeya ya ce a yi ta addu'a.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a Gummi, Inna Uwani ta ce za ta gaisuwa. Inna Uwani ita ce mahaifiyar Saudatu matar Arzika, wato surukarsa. A Anka kuwa surukuta ba wasa ba ce. Shekara goma sha ɗaya Arzika bai taɓa kallon idonta ba, bai taɓa kama sunanta ba, in ya hango ta tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Gaban mota ko kusa ba ta shiga, ta zauna kafaɗa da kafaɗa da mijin ɗiyarta? Haba! Ta hau baya da 'yar kujerarta ta katako wadda ba ta rabuwa da ita, ta girke ta a kusurwar hagu, jikin kan mota, ta ja mayafi.

Arzika ya shiga babu takalmi, yana roƙon Allah kada motar ta kunyata shi. Ya murza makulli sau ɗaya ta ɗauka. Ta bi hanya sumul, ta haura tudun da kullum a nan take mutuwa, ta keta yashin rafi ko tari babu, har Gummi. Inna Uwani na sauka, ya ja motar zai kai ta inuwa, ta yi atishawa ta mutu.

Kwana uku da Inna ta yi a Gummi, kwana uku ana turi. Ranar dawowa ta hau, mota ta sake zama amarya. Hayatu ne ya fara haɗa zancen.

"Arzika, ba makanike ka buƙata ba," ya ce. "Tsohuwag ga ita ta man motarka."

Namadi ya ce shirme ne, nauyi ne kawai. Suka ɗora buhun gero a kusurwar, mota ta yi tari. Suka ƙara wani buhun, tari. Suka ɗaure rago a wurin. A ƙarshe Hayatu da kansa ya zauna, har taya ta lotsa, motar ta ƙi ko tashi. Kujerar kuwa ba wanda ya tuna da ita, tana gida wurin mai ita, kuma ko an tuna, wane marar kunya ne zai aika a aro masa kujerar surukarsa?

Arzika ya aiki Saudatu wurin mahaifiyarta, ta roƙe ta ta riƙa bin motar. Saudatu ta je ta yi ta kewaye-kewaye har ta faɗi abin da ya kawo ta. Inna Uwani ta ce in dai abincin jikokinta ne a cikin motar, to ita me take yi a gida? Washegari da hantsi aka gan ta a tasha da kujerarta.

Nan wahalar Arzika ta fara. Direba ne mai baki, a da in yana zagin jakin da ya tare hanya sai an jiyo shi a ƙauye na gaba. Yanzu jaki zai tsaya ya gama tunaninsa, Arzika na jira da ladabi. Taba ya daina. Tafin ƙafarsa ya ƙone saboda taka ƙarfen totur babu takalmi. Duk wannan da sauƙi. Babbar masifar ita ce ciki: mutum ba ya cin abinci a gaban surukarsa, ko ruwa ba ya kurɓa. Ita kuma Inna, don kada a rasa ta lokacin tashi, ba ta sauka daga motar sai in salla za ta yi, kuma a gindin taya take yin ta. Daga saman nan tana ganin tasha duka. A Nasarawa matan Fulani za su jera ƙwaryar nono, a Bukkuyum mai tsire ya yi ta fifita wuta, ƙamshi na biyo shi har cikin mota. Sau ɗaya ya zagaya bayan rumfa da ƙullin ƙosai, ya buɗe baki ke nan Hayatu ya ƙwala masa kira, wai Inna na tambaya ko lafiya. Ya bar wa akuya ƙosan, ransa kamar ya fita.

Daga kokon safe sai tuwon bayan magariba, haka ya yi ta yi har kwana arba'in. Wuyansa ya yi tsawo, wandonsa sai da ya ƙara wa mazagi ƙulli. A tasha ana yi masa tsiya wai yana azumin da ba lada. Ranar da ya ga hanya ta rabu biyu a idonsa alhali guda ce, ya tsorata ƙwarai, ya je wurin Namadi kamar zai yi kuka.

Namadi ya sa aka zare tiyon kafireto Inna na zaune a sama. Fetur ya feso da ƙarfi har ya jiƙa masa riga, babu kumfa ko kaɗan.

"To, magana ta hito," ya ce a hankali. "Akwai abin da zamanta ka toshewa can ƙasa. Sai an shiga ƙarƙashi tana zaune, a ga mi ya canza."

"To shiga mana."

Namadi ya dube shi kamar ya zage shi. Ladi, ƙanwar Saudatu, ita ce matar Namadi. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin inda surukarsa take zaune, yana leƙen sama? Gara a ce ya bar garin. Ya ce Arzika ya shiga tunda motarsa ce. Arzika ya ce a'uzu billahi.

Suka nufi Bukkuyum wurin Yusufu makanike. Yusufu na hango wadda ke bayan mota ya yar da sifana ya durƙusa: autar Inna yake nema, har an kai gaisuwa. Inna Uwani 'ya'ya mata bakwai ta haifa, kuma don rashin sa'ar Arzika kusan duk wanda ya iya riƙe sifana a ƙasar nan, in ba surukinta ba ne, to ƙanen surukinta ne.

Sai a Gummi aka dace. Akwai wani tsoho Maikuɗi, da can makaniken manyan motoci ne, yanzu faci yake yi a bakin kasuwa. Ɗan kawun Inna ne, taubashinta, tsakaninsu babu komai sai tsiya. Yana ganinta ya tuntsire da dariya.

"Uwani, ashe ke ce aljanar da aka ce ta hau motar Anka? Zamna daidai, kak ki hwaɗo mini bisa kai."

"Shiga dai, tsohon banza. Allah sa ta danne ka."

Arzika ya juya baya ya toshe kunne don kada ya ji an kama sunanta. Maikuɗi ya ja buhu ya kwanta, ya shige. Aka tada inji. Can aka ji muryarsa: "Tashi tsaye!" Inna ta tashi, inji ya kama tari. "Zamna!" Ya daidaita. Sau biyar yana tada ta yana zaunar da ita, biyu na aiki ne, ukun don mugunta.

Ya fito fuska duk baƙin mai, ya kira su. Daben motar ya yi tsatsa ya ɓule a kusurwar, ƙafar kujerar guda tana zurmawa ta ramin. A daidai nan tiyon mai ya bi ta saman ƙarfen gindi, kuma ya tsage ta sama, inda ido ba ya kaiwa. In ba kowa, tsagar ta buɗe, famfo ya zuƙi iska, mai ya rasa ƙarfi, ɗan abin da ya tsiyaya kuma zafi ya shanye. In Inna ta zauna, ƙafar kujera ta matse tsagar ruf. Ya yanke wurin da wuƙar faci, ya haɗa da guntun tiyo, ya ɗaure da waya, aka sake tada inji. Ko shan ruwa ba a yi ba an gama.

"Sauko, Uwani, an sallame ki. Ba albarka ta ba, ƙahwar kujera ta."

Inna ta sauko a hankali. Injin bai ko girgiza ba. Ta tsaya tana riƙe da gefen mota, sai a lokacin Arzika, da ya saci kallonta ta wutsiyar ido, ya ga yadda awarwaronta ke zamewa har gwiwar hannu.

"Maikuɗi," ta ce da ƙaramar murya, "in an gama, sawo mini hura. Kwana arba'in ban sa komi baki da rana ba. Yaron ga kullum yana nan kusa, ina zan ci?"

Arzika ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi yana ta tausayin cikinsa, bai taɓa kawowa a ransa cewa tsohuwar da ke zaune a rana a bayansa ita ma kunyarsa take ji ba. Idonsa ya ciko.

Maikuɗi ya dube ta, ya dube shi, ya ce bai taɓa ganin wawaye biyu masu ladabi irinsu ba. Ya sayo fura ƙwarya biyu da tsire a takarda. Ya zaunar da Inna a inuwar mota ta hagu, ya kora Arzika dama, kowa ya ba motar baya.

Ba wanda ya taɓa ƙwarya. Injin da aka gyara yana juyawa a hankali, shiru, ko haɗiyar miyau mutum ya yi sai na ɗaya gefen ya ji.

"Baba Maikuɗi," Arzika ya raɗa, "don Allah."

Tsohon ya yi tsaki, ya shiga gaban mota, ya taka totur har ƙasa. Motar ta ɗauki ruri, awaki suka watse, 'yan kasuwa suka waiwayo. Bai ɗaga ƙafa ba sai da ya leƙa hagu ya leƙa dama ya ga ƙwaryar kowa a kife.