Yatsan Kafinta

Tsohon kafinta ya yanke babban yatsansa da zarto, ya naɗe shi da tsumma, ya ci gaba da aiki.

Tsumman ya jiƙe. Ya ɗebi garin katako ya danna a kan raunin, ya ɗiga gam, yadda ya saba yi shekara hamsin. Gam ya bushe. Jinin ya nemi hanya ta gefe, yana ɗiga a kan kujerar da bai gama haɗawa ba. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa ƙofar shago, ya dawo.

Matar ɗansa ta shigo da kwanon abinci, 'yarta na biye da ita da auduga a hanci. Shekarar yarinyar bakwai. Tun tana rarrafe, in ta yi haɓo sai an dangana da asibiti. Mijin ya daɗe da yanke hukunci cewa ciwon daga gidan su matar ya fito, ƙannensa mata kuma suka ɗauka suna yawo da shi. An auna jinin uwar, ba a ga komai ba. Aka ce shi ma mijin ya kawo nasa, ya ƙi. Ya ce ubansa ya tsufa yana wasa da ƙarfe, ko sau ɗaya bai kwanta asibiti ba.

"Tsoho, har yau ba ka gama kujerata ba?" in ji yarinyar.

"Uwargida, da wannan hancin wa zai zaunar da ke? Fita, akwai ƙura."

Ta fita tana murguɗa baki. Uwar ba ta bi ta ba. Jinin da ke ƙasa take kallo.

"Baba, tun yaushe?"

"Ƙwarzane ne."

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun hantsi."

Rana ta riga ta karkata. Ya miƙe zai ɗauki guduma, shagon ya juya masa, ya dafa tebur. Ba ta ƙara tambayarsa ba. Ta bar yarinyar wurin maƙwabciya, ta tare mota.

Likitan da ke duba jikar shi suka tarar. Ya ɗauki lokaci yana ɓamɓare gam, jini na bin safar hannunsa.

"Wa ya koya maka wannan, Baba?"

"Aiki."

"Kullum haka jininka yake yi?"

"Yakan tsaya."

"Bayan awa nawa?"

Kafinta ya kalli bango. 

Likita ya yi ɗinki, ya danna auduga mai magani, ya ce wa surukar ta riƙe da ƙarfi. Ya jawo takarda ya zana ɗan da'ira.

"A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, su ne masu toshe rauni. Kowace tana da siririyar fata, a jikin fatar akwai 'yan kafofi masu buɗewa da rufewa. In mutum ya yanke, kafofin su buɗe, wani sinadari ya kwarara ciki, ƙwayar ta yi danƙo ta kama 'yar'uwarta, su taru su rufe wurin. Na jikarka ba sa buɗewa yadda ya kamata. Ƙwayoyin suna nan da yawansu, amma sai su iso bakin rauni su tsaya."

"'Yan zaman banza ke nan," in ji kafinta.

"Kusan haka. Kuma gadonsa ake yi. Wani ya ɗauka bai nuna ba, ya miƙa wa ɗansa. A danginka akwai wanda jini ya taɓa ba shi wahala?"

Kafinta ya dubi yatsansa.

"Ƙanena. Haƙori aka cire masa. Kwana biyu ya yi, ya rasu."

Hannun surukar ya saki yatsan, sannan ya sake kamawa.

Aka ɗebi jininsa kwalba uku, aka ce su jira sakamakon farko. Bai iya zama a benci ba. Ya je ƙarshen baranda ya dawo, ya girgiza wata taga da aka kafa a karkace, ya yi tsaki. Da likita ya kira su, magana biyu ya yi: ƙwayoyin kakan da na jikar halinsu ɗaya, kuma lalle uban yarinyar ya zo a auna shi.

Suka fito bakin titi. Motoci na wucewa, ba ta tsayar da ko ɗaya ba.

"Ka sani," ta ce.

"Zato na yi."

"Shekara bakwai kana zato? Ranar da suka ce uwata ce ta shafa mana, kana zaune a wurin, Baba."

"Ina zaune."

"Ba ka ce komai ba."

Ya gyara hularsa da hannun mai lafiya. Bai taɓa roƙon kowa ba, bai kuma san ta inda ake farawa ba.

"'Yar nan, ji mana. Zan tsawata wa ƙannen mijinki, ba mai ƙara ambaton gidanku. Kuɗin maganin yarinya ni zan ɗauka. Shi dai mijinki, ki ce masa tsufa ne ya tsinka mini jini. Da ni yake tunƙaho. Ki bar masa wannan."

Ta ninke takardar asibitin gida huɗu, ta sa a jaka, ta ja zif.

"A'a, Baba. Ba zan ɓoye ba."