Jan Layi a Gidan Burodi

Tun ranar da aka ɗauki Auta aiki a gidan burodin gaban mahaifinta yake faɗuwa. Jikinsa ya ba shi ba za a kwashe lafiya ba, sai dai bai zaci ta kansa abin zai biyo ba.

Shi direba ne a wurin tun tanderu yana guda ɗaya. Sannu-sannu ake kiransa, don ko mai keke yakan wuce motarsa. Auta kuwa ita ce ta yi karatu mai zurfi a gidansu. Aikinta ta shigar da burodin da ya fita da wanda ya dawo a kwamfuta, ta faɗa wa Maigida abin da ta gano.

Ran nan da safe yana goge gilashin mota ta zo ta tsaya tana murza yatsu.

"Baba, yau zan sake nuna musu. Akwai hanyar da burodinta ke dawowa fiye da rabi."

"Wace hanya?"

"Ta bayan tasha. Tun da aka rufe gada, kafin ka isa masu shaguna sun karɓi na wasu."

Hanyarsa ce. Ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge.

"In yau ma ba a duba ba," in ji ta, "manaja ya ce kujerata ba ta da amfani."

A ɗakin ajiyar fulawa aka yi taron, kowa a kan buhu. Auta ta juyo da kwamfutar: layuka koraye suna tafiya abinsu, ja guda ɗaya yana gangarowa. Maigida, tsohon da ya kafa wurin, ko kallo bai yi ba.

"'Yata, rufe abin nan. Burodi da hanci ake saninsa, ba da zane ba."

"Ku tambaye ta mana," in ji mai kwaɓi, "kwamfutar ta taɓa ƙona hannu a tanderu?"

Aka kwashe da dariya. Auta ta rufe, idonta ya yi rau-rau. Manaja ya dube ta, ya kau da kai.

Sannu-sannu bai yi dariya ba. Aljihun Maigida yake kallo, inda tabarau ke leƙowa. Mutumin da ba ya barin ko rubutun jikin ledar yis bai karanta ba, yau shi ne bai sa tabarau ba?

Da aka watse ya tsaya a bakin ƙofa, ya tare Maigida.

"Ranka ya daɗe, ka daure ka duba."

"Har da kai?" Maigida ya yi ƙasa da murya. "Kana tsammanin ban san abin da ke ciki ba? Ni nake ganin motarka tana dawowa da nauyi. In na duba a gaban jama'a, dole in yi aiki da shi. To ina zan kai ka?"

Sannu-sannu ya ɗago kai.

"In ba ka duba ba fa, ina za ka kai ta?"

Maigida ya zaro tabarau, ya hure fulawar da ke jiki, ya goge da gefen riga.

"Kai dai komai naka sannu-sannu, ban da jawo wa kanka. Kira min ita."

Ya kira ta, ya fita ya loda burodin rana. Ta taga ya hango kawunansu biyu a gaban kwamfutar, yatsan Auta na bin jan layin, Maigida na tambaya tana amsawa.

Ya tayar da mota ya nufi bayan tasha. Bai sani ba ko hanya za a sauya masa, ko gobe wani za a miƙa wa makullin.