Wasiƙar Mutanen Brescia

Mama Clara ta ture ƙofar ɗakin taron da kafaɗa, jaka a hammata, ƙafafunta a kumbure saboda zaman motar coach daga Birmingham zuwa Manchester. Ba wanda ya gayyace ta. A coci ta ji cewa yau ɗaliban jami'a da suka yi wata huɗu a Italiya za su ba da labarin tafiyarsu, kuma jikarta Shalom na ciki.

A can ne kuma Nentawe, maƙwabciyarta a Handsworth, ta karanta mata abin da yarinyar ta rubuta aka watsa a waya. Wai ta sauka Italiya ko kalma ɗaya ba ta sani ba. Wai tsohuwar da ta sauke ta ce ta koya mata yaren da murza taliya.

Ƙarya. Shekara goma sha tara Clara ta yi a garin Brescia tana wanke tsofaffi, tana juya su a gado, tana ba su abinci a baki. Da wannan aikin ɗanta Alfred ya zama likita. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma Italiyanci a bakinta yake kamar Hausar Jos. Kafin Shalom ta tafi, wata shida ta yi tana zuwa kicin ɗin Clara duk Asabar, tana maimaita kalma bayan kalma, fulawa har gwiwar hannu. Sai dai a gidan Alfred ba a faɗin inda Mama ta zauna. In macen Najeriya ta ce ta yi zaman Italiya, kowa ya san karuwanci za a raya mata. Shi ya sa ya ce a riƙa cewa daga Jos ya ɗauko ta.

Alfred ne ya fara hango ta. Ya taho da sauri.

"Mama, me ya kawo ki? You should have called."

"In kira ka ce kana duba mara lafiya? Matsa."

"Don Allah ba a nan ba. Ga Gamaliel can, dattijon coci, 'yarsa ma ta je."

"To ya buɗe kunne."

Shalom na tsaye gaban hotunanta tare da malamarsu, wata Ba'italiya mai furfura. Da ta ga kakarta, murmushin ya bushe a fuskarta. Malamar ta dubi zanin Clara da ɗankwalinta, ta tambayi Shalom da Italiyanci, wace ce wannan?

Shalom ta amsa da yaren, a hankali, idonta a ƙasa. "Matar da ta rene mu ce muna yara."

Ta san sarai Clara ta ji. Har yadda ta ja ƙarshen maganar, na Clara ne.

Clara ta ajiye jakarta a kan tebur, ta fuskanci malamar, ta buɗe baki da Italiyanci.

"Gaskiya ta faɗa, Signora, ni mai reno ce. Na reni ubanta, na rene ta, na reni tsofaffinku bakwai har suka mutu. Uwar wancan mai kwat ɗin ce ni."

Malamar ta dafe ƙirji. "Daga Brescia kike? Na daɗe ina mamakin inda yarinyar nan ta samo bakin Brescia, ita da aka kai Siena."

Clara ta zaro wata ambulan da ta yi laushi don daɗewa. 'Ya'yan tsohon da ta yi jinya na ƙarshe ne suka ba ta ranar da za ta baro ƙasar. Shekara goma sha ɗaya tana ajiye da ita, ba ta san abin da ke ciki ba. Ba ta iya karatu ba, kuma ta ƙi kai wa bare. Jikarta take jira. Satin da Shalom ta dawo ta miƙa mata, yarinyar ta ce, "Later, Kaka, na gaji."

"Karanta mini," ta ce wa malamar. "Da ƙarfi."

Malamar ta sa tabarau ta karanta. Ɗalibai suka matso, Gamaliel ma ya matso. Wasiƙar ta ce shekara shida Clara ba ta bar ubansu ya kwana da ƙazanta ba ko sau ɗaya. Ta ce da ya manta sunayen 'ya'yansa, nata bai manta ba. Ta ce ita ta rufe masa ido, kuma duk gidan da ta shiga su san sun yi sa'a.

Clara ta saurara har ƙarshe, ba ta yi kuka ba. Ta juya ga Shalom, ta koma Hausa.

"Babanki bai ji ba. Fassara masa."

Shalom ta dubi ubanta. Alfred na duban Gamaliel.

Clara ta jira iya jiran da ƙafafunta za su ɗauka. Sannan ta karɓi wasiƙarta, ta ninke ta yadda take, ta yi wa malamar godiya. Da za ta wuce, Gamaliel ya rage murya ya ce wa Alfred, "Ashe Mama ta yi Italiya?"

Ba ta tsaya jin amsar ba. Coach ɗin Birmingham ƙarfe biyar yake tashi.