Kiran Lishar Malam Gide

"Ga shi nan ya fara," in ji maigidana, ya mayar da lomar tuwon da ya ɗauko.

Ta bayan katanga muryar Malam Gide ta taso cikin 'yar lasifikarsa mai batir, yana kiran sallar lisha. Rabon ƙauyenmu, nan kusa da 'Yankara, da jin wannan kiran daga masallaci an daɗe. Bayan 'yan bindiga sun kwashi mutane, aka ci gaba da jin motsinsu, liman ya ce a riƙa haɗa magariba da lisha, kowa ya shige gida ya kashe fitila. Kowa ya bi, ban da maƙwabcinmu.

Shi ma yana cikin waɗanda aka kwasa. Rana ɗaya sai ga shi da ƙafarsa, ba a kai ko sisi na fansa ba, wai gudowa ya yi. Tsoho mai ciwon gwiwa ya gudo, samari suna can? Ai ruwa ba ya tsami banza.

Sai na zama mai gadin katanga, har na haddace sallarsa fiye da tawa. Sai jan sama ya ɓace sarai yake kira, bakin lasifikar yana kallon dutsen daji. Ya kashe ta, ya tada iƙama shi kaɗai, raka'a biyu a bayyane da muryarsa mai rawa, biyu a asirce, kabbara kawai nake ji, sai sallama, sai shafa'i da wuturi. In ya canza sura in ce alama ce yake ba 'yan bindiga. In ya tsawaita in ce wata alamar ce.

Da magana ta yi yawa, mai unguwa Alhaji Sanusi ya zo da dattawa, har da maigidana. Ni kuwa ina inda na saba.

"Malam, wa kake kira da dare bayan an gama salla?" in ji mai unguwa.

"Waɗanda ba su yi ba, Alhaji. Can gindin dutse, in iska ta juyo, muna jin lishar garin ga. Da ita muke sanin lokaci, mu yi taimama mu yi salla zaune, tunda ɗaure muke. Ran da kunka daina, Sumayya ɗiyar Zailani kwana ta yi tana kuka, ta ce an tashi gari, ba mai jiranmu."

"Mun ji. Amma zuwa Juma'a, ko ka daina ko ka bar garin."

Da maigidana ya dawo ya ce, "Labari kau ya iya." Na ce ai infoma ba ya rasa baki.

Daren Laraba ya yi kira kamar kullum. Na ji Fatiha da sura, na ji ta biyu, na ji kabbarar miƙewa bayan zaman tahiya. Na tsaya jiran ta ruku'u. Shiru.

"Baban Ikhlas, bai yi ruku'u ba," na ce wa maigidana.

"Ta asirce ce, mi za ki ji?"

"Kabbara fa?"

"Ƙila waya shike da mutanensa."

Muka zauna muna sauraro, tsoro ya hana mu leƙawa. Muna nan har Hajaratu matar Malam Gide ta fito daga ɗaki, muka ji salatinta. An same shi kwance a gefen buzu, fuskarsa na kallon gabas.

Jana'izar ba ta cika ba. Masu zuwa gaisuwa ma kallon ɗakinsa suke ta yi, ko za su hango wayar.

Bayan an yi girbi aka sako sauran. Muka je yi wa Sumayya barka, ta rame har ban gane ta ba. Ana cikin gaisawa ta riƙo hannuna.

"Inna, wa ya riƙa yi muna kiran lisha kwanan baya? Shi ya riƙe mu. Sai kuma munka ji shiru."

Ɗakin cike yake da mata. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Na dawo gida bayan magariba. Lasifikar tana nan rataye a ƙusa inda ya bar ta, bakinta wajen dutse, jan sama yana ta ɓacewa a bayanta.